An Yi Talla Da Fuskata A Turai Ban Sani Ba

Edita, ina gaishe ka da masu bibiyar wannan fili. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan, ina cewa a raina nawa ba na faɗa ba ne. Yanzu na ga gara in faɗa da bakina, tunda bakunan wasu sun riga sun faɗe shi yadda suka ga dama. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da waɗanda suka cancanci a ambata.

A lokacin da abin ya faru ni tela ne a Zongon Sokode. Ina da ɗan shago a bakin hanyar da ke shiga babbar kasuwa, kuma ba yabon kai ba, in ana maganar babbar riga ko jamfa mai aiki a wuya, ana sa ni cikin lissafi. Ina da mata da 'ya ɗaya da ba a daɗe da yaye ta ba. A masallacin unguwa, duk ranar da ladan ya yi tafiya ni ake cewa in kira salla. Ban da arziki, amma ina da mutunci, kuma a lokacin na ɗauka mutunci abu ne da mutum ke ginawa da hannunsa, ba mai iya rushe shi daga nesa. Aibina ɗaya da na sani shi ne son a ga aikina. In na ɗinka riga ta yi kyau, sai in ji kamar in bi mai ita har gida ina gaya wa mutane ni na yi.

Ina da amini tun muna yara. Mahaifina ya yi fataucin goro da shanu tsakanin Sokode da Dapaong, kuma a gidan mahaifin wannan aminin nawa yake sauka. Su 'yan ƙabilar Moba ne, kuma Kiristoci, amma wannan bai taɓa shiga tsakaninmu ba. Na yi shekaru a gidansu ina yaro, kwano ɗaya muke ci, tabarma ɗaya muke kwana. Da muka girma ya zama direban babbar mota, yana jigilar kaya daga Lome zuwa Sinkase, bakin iyaka. Ni na yi masa babban aboki ranar aurensa, shi ya kwana yana ɗaukar kujeru ranar nawa. Duk babbar Sallah sai ya zo Sokode da matarsa, yana cewa shi dai ba ya salla, amma naman rago bai san addinin kowa ba.

A wata Sallar ce na ɗinka mana shadda iri ɗaya, shuɗiya, na zuba mata aikin da ban taɓa yi wa kowa ba. Bayan an sauko daga idi muna tafe a hanya hannu cikin hannu, kamar yadda maza ke yi a ƙasarmu tun kaka da kakanni, matanmu suna biye da mu, tawa tana goye da yarinya. Sai ga wani Bature da na'urar ɗaukar hoto, tare da wata budurwa 'yar Lome mai yi masa tafinta. Ta ce suna zagaya arewacin ƙasar ne suna ɗaukar suturar mutane da yadda ake shagalin Sallah, kuma rigunanmu sun burge shi. Aminina bai so ba. Ya ce shi ba ya son hoton da bai san inda zai kwana ba. Ni na matsa masa, na ce ya bari duniya ta ga ɗinkina, wa ya sani ko daga nan ciniki ya buɗe. Ana cikin ɗauka ya yi wata magana a kan ragon da na saya, wai rama ta sa har iska na iya kada shi, na fashe da dariya na jingina kaina a kafaɗarsa. Budurwar ta miƙo mana waya muka sa hannu a kan wani dogon rubutu na Faransanci da ban tsaya karantawa ba, ta turo mini hoton a wayata, muka wuce. Har na sa an wanke shi na manna a shago.

Shekara ta zagayo, wata Sallar ta matso, shagona cike da yadin mutane har ba wurin aje ƙafa. Wata ranar da hantsi sai yayan matata ya shigo ba sallama, ya ɗora wayarsa a kan keken ɗinki ya ce in duba. Na ga fuskata da ta aminina a kan wani ƙaton allon talla a tashar jirgin ƙasa, Turawa na wucewa ta ƙasa. An yanke matanmu daga hoton, an yanke yarinya, an bar mu biyu hannu cikin hannu, kaina a kafaɗarsa, an zagaye mu da launukan bakan gizo. A ƙasa ga sunan wani kamfanin aika kuɗi da 'yan'uwanmu na Turai ke amfani da shi. Ban gane komai ba, har na fara murmushi. Sai ya gaya mini cewa ɗan ƙanen mahaifina da ke Jamus ne ya gani ya ɗauko, kuma rubutun yana cewa soyayya ba ta san iyaka ba. Ya ce talla ce da ake yi a wani wata na musamman a can, don jawo hankalin maza masu neman maza da mata masu neman mata. Shi ɗan'uwan nawa yayansa kaɗai ya tura wa, yana tambaya ko na san da maganar. Yayan nasa ya tura wa dangi, dangi suka tura wa gari.

Kafin la'asar ba wayar da hoton bai shiga ba a Zongo. Mutane suka fara zuwa karɓar yadinsu, wasu ma na riga na yanka. Wani ya aiko matarsa, wani ya zo da kansa ya tsaya daga waje ya ƙi shigowa, kamar shagon yana ɗauke da cuta. Na nuna wa duk wanda ya tsaya hoton na asali, ga matanmu nan, ga goyo nan, ga mutane suna dawowa daga idi. Suna dubawa su ce Allah ya kyauta, su tafi da yadinsu. Abin da na lura shi ne, wancan hoton da aka yanke kowa ya tura shi, wannan cikakken kuwa ba wanda ya ce in turo masa. Masu babur da ke tsayawa gaban shagona suka laƙaba mini sunan da ba zan rubuta ba. Liman ya kira ni gefe bayan magariba, ya ce shi ya san ni, ya san mahaifina, bai yarda da maganar ba ko kaɗan, amma in ɗan dakata da kiran salla har ƙura ta lafa. Na tambaye shi, in bai yarda ba, me ya hana ya faɗa wa jama'a haka a sahu. Ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri, jama'a ba a iya musu.

Surukina ya aiko a kira mu ni da matata. Ya ce shi ma bai zarge ni ba, amma 'yarsa ta dawo gida tukuna, don ba zai iya jure abin da ake faɗa masa a kasuwa ba. A wurinmu ba a musu da suruki. Matata ce ta durƙusa ta yi magana. Ta ce, "Baba, ni na goge rigunan nan da hannuna. Ina bayansu lokacin da aka ɗauki hoton, almakashi aka sa aka cire ni. In na bar ɗakina yau, na taya su cire kaina ke nan." Tsohon ya ce ta tashi ta bi mijinta, amma kada ta zo masa da kuka. Ba ta taɓa zuwar masa da kuka ba, ko da yake na sha ganin ta tana yi a madafa.

Ana cikin haka wasu samari suka zo mini, tare da wani mutum mai yawan magana a rediyo da wayoyin mutane, wanda ya mai da zagi sana'a. Suka ce sun zo su wanke ni. Abin da suke so shi ne in tsaya gaban waya in rantse, in tsine wa aminina in ce shi ya ja ni, sannan in ambaci sunayen waɗanda nake zargi da wannan hali a gari, don su nuna wa Turawa cewa Sokode ba wurin wasa ba ce. Mutumin ya ce in na yi haka, kafin Sallah yadin da aka kwashe zai dawo ninki. Ba zan ɓoye ba, na ce su ba ni lokaci in yi tunani. Mutumin da yunwa da kunya suka haɗu a kansa yana iya sauraren kowa.

Kashegari da tsakar rana, shago ba kowa, wani dattijo ya shigo. Ma'aikacin ofis ne, ya daɗe yana kawo mini ɗinki, mutum mai sanyin hali da ba a taɓa jin sa da kowa ba. Shi kaɗai ne a makon nan ya kawo yadi maimakon ya karɓa. Na ɗauko abin awo na fara gwada shi. Ya yi ƙasa da murya ya ce ya san ƙarya aka yi mini, ya kuma san abin da samarin nan suka nema a wurina. Ya ce shi yana cikin irin mutanen da aka ce don su aka yi tallar, ya rayu shekara da shekaru da abinsa a rufe tsakaninsa da Ubangijinsa, amma tun da hoton nan ya shigo gari bai yi barcin kirki ba, don an fara nuna gidaje. Bai roƙe ni komai ba. Cewa ya yi kawai, waɗanda suka manna hoton ba su san yana duniya ba, kuma in aka fasa masa kai ba za su ji labari ba. Ni Musulmi ne, na san abin da addinina ya ce a kan wannan al'amari, kuma ban sauya ba. Amma na kuma san abin da ya ce a kan tona asiri, da ƙazafi, da jinin mutum. Na gama gwajin na ce masa ya zo ya karɓi rigarsa ranar Alhamis. Da samarin suka dawo na gaya musu ba zan tsine wa wanda muka ci kwano ɗaya da shi ba, kuma ban da sunan kowa da zan ba su. Mai rediyon ya ce to na tabbatar da zargi ke nan. Na ce masa ya je ya faɗa, shi ma ai talla yake nema da fuskata, bambancinsa da Baturen kawai shi bai da na'ura mai tsada.

Duk wannan lokaci aminina ba ya ɗaukar wayata. Matarsa ce ta kira matata ta ce hoton ya isa Dapaong, mai motar da yake tuƙawa ya karɓe makulli, kuma kafin haka wasu sun jefe shi a tashar manyan motoci ta Sinkase har sun fasa masa goshi. Na rufe shago na hau mota. Na same shi zaune a tsakar gidan mahaifiyarsa da bandeji a kai, ya ƙi kallona. Da ya buɗe baki sai ya ce ya gaya mini ba ya so, ni na ja shi, son a yabi ɗinkina ya jawo masa wannan. Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Na ce ya yafe mini, ya ce yafiya ba ta mayar da mota. Mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna tun ina yaro, tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Sai ta yi magana da Hausarta ta kasuwa, wadda ba ta raba namiji da mace. Ta ce ita ta yi mana wanka a ƙwarya ɗaya, ta san abin da ta raina, kuma in mun bari mutumin da ya zo ya wuce a rana ɗaya ya raba abin da aka yi shekaru ana ginawa, to mun fi masu jifan wauta. Ta ce mu tashi mu nemi masu kamfanin, su ne ke da amsa, ba junanmu ba.

Neman su ya fi neman allura a rairayi wuya. Wakilinsu na Dapaong ya ce shi karɓar kuɗi da biya kawai ya sani, mu tuntuɓi Lome. Na Lome suka ce talla ba daga wurinsu take fitowa ba. Budurwar da ta yi tafinta ta ce ita ma aikin kwana kaɗan aka ɗauke ta, Baturen ya sayar da hotunan ga wata ma'ajiyar hotuna, daga can kowa ke saya. Ɗan'uwana na Jamus, wanda kunya ta ishe shi, shi ya dage da kai ƙara har suka yarda za su yi magana da mu ta waya mai hoto. Ƙanen matar aminina malamin makaranta ne, ya fi mu Faransanci, a ofishin makarantarsu muka zauna ya yi mana tafinta.

Wata Baturiya ce ta fito, mai fara'a, da wani lauya a gefenta. Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai da abin da ya same mu, amma hoton an saye shi bisa ƙa'ida, kuma mun sa hannu. Na ce ban zo jayayya a kan sa hannu ba, abin da nake so shi ne su sauke allon, su kuma fito fili su ce mu biyun nan aminai ne masu iyali, an yanke hotonmu ne. Sai ta gyara zama ta ce a nan akwai matsala. Wai in suka ba da haƙuri a kan an ɗauke mu masu neman jinsinsu, kamar sun yarda ke nan cewa hakan abin kunya ne, kuma wannan zai ɓata wa abokan cinikinsu rai, ya saɓa wa aƙidar kamfani ta mutunta kowa. Har ta ja mini kunne cikin ladabi cewa in kula da kalmomin da nake amfani da su, don wasu suna iya cutar da mutane. Aminina yana zaune kusa da ni da ɗinki a goshi.

A nan ne raina ya ɓaci, kuma har yau ban yi nadamar abin da na faɗa ba. A shataletalen Sokode, a daidai wannan lokaci, akwai allon wannan kamfani: magidanci da hula, matarsa da hijabi, yara uku da rago, an rubuta barka da Sallah. Na ce wa malamin ya fassara mata kalma da kalma. Na ce, "Madam, in aƙida ce, ki sauke na Sokode ki manna wancan a wurinsa, mu ga ƙarfin aƙidar. In kuma ba za ki iya ba, ki gaya mini dalili." Ta ce suna mutunta al'adun kowace ƙasa, kuma dole su kula da lafiyar ma'aikatansu. Na ce, "Ashe kin san abin yana kashe mutum a nan. Kin sani har kin kare ma'aikatanki da allonki. Ni da wannan da ke zaune, da me aka yi namu kan?" Ta dubi lauyan, lauyan ya dubi takardunsa. Na ƙara da cewa ɗan'uwana ya ba ni labarin yadda suka taɓa janye wata talla a can cikin gaggawa, suka ba da haƙuri, don wasu sun ce kalma ɗaya a ciki ta sosa musu rai. Kalma ɗaya ta isa a sauke allo a Turai, amma fasasshen goshi a Sinkase bai isa ba. Na kuma gaya mata cewa mutanen da take cewa tana karewa, akwai su a garinmu, kuma tallarta ba ta ƙara musu komai ba sai fargaba. Waɗanda take so su ne masu katin banki a aljihu.

Bayan kwanaki suka aiko cewa za su ba mu wani abu na rage asara, da sharaɗin kada mu sake yin maganar a ko'ina. Na bar wa aminina zaɓi, don shi ya fi ni jin jiki kuma bai da aiki. Ya ce an sayi fuskarsa bai sani ba, ba zai sayar da bakinsa yana sane ba. Muka ƙi. Allon bai sauka ba sai da watan tallar ya ƙare don kansa, aka manna wani a wurin. Daga baya sun fitar da ɗan rubutu na layi biyu a shafinsu, cikin harshen da ba mai ji a Zongo, suna cewa hotunan tallarsu ba lallai su nuna rayuwar waɗanda ke ciki ba. Na sa an fassara mini, na yi dariya, irin dariyar da ta fi kuka ciwo.

Kada mai karatu ya ɗauka Turawa kaɗai nake tuhuma da fuska biyu. Mutanen garina ma sun nuna mini tasu. Waɗanda suka fi kowa ɗaga murya a kaina, a ƙarƙashin allon giya suke zaman hira, wanda aka zana mace rabin tsirara a kai, ban taɓa jin wanda ya ce a sauke shi ba. Mai maganin ƙarfin maza yana yawo da lasifika yana faɗin batsa har ƙofar masallaci, yara na ji, dattawa na murmushi. Kuma kowa ya san da a ce ɗan wani attajiri ne a hoton nan, da an ce sharrin maƙiya ne, a yi masa addu'a a sahu. Tela ne da direba, shi ya sa kowa ya sami wurin gwada tsoron Allahnsa. Sallar nan ban ɗinka wa kowa ba sai dattijon nan, shi ma bai zo karɓa da kansa ba. Ya nemi sauyin wurin aiki ya bar garin, wani ya aiko. Har yau ban gaya wa kowa ko wane ne ba, ko matata.

Ban gudu daga Sokode ba, ina so a san wannan. Da na dawo daga Dapaong, na buɗe shagona kowace safiya har bayan Sallah, ina zaune ba aiki, ina gaida duk wanda ya wuce, ko ya amsa ko bai amsa ba. Na ci gaba da salla a sahun da na saba, wanda ya ga ba zai iya tsayawa kusa da ni ba shi ya matsa. Sai da na ga haya ta gagara, sannan na kwashe kekuna na koma Dapaong, Inna ta ba mu ɗaki a gidanta. Na fara daga ɗinkin kayan makaranta da facin wandunan leburori, ni da nake zaɓar shadda. A hankali 'yan kasuwar shanu suka gano hannuna, ciniki ya dawo, ko da yake bai kai na da ba. Aminina ya daɗe yana zaman banza kafin wani mai motocin hatsi daga Tanjuware ya ɗauke shi. Tabon yana nan a goshinsa. Surukina ya zo sunan ɗana na biyu, ya ci abinci, ya sa albarka, bai tada maganar ba, ni ma ban tada ba. Liman ya aiko mini da gaisuwa sau biyu, yana cewa mutane sun gane gaskiya, in dawo. Na amsa gaisuwar. Komawa kuwa, sai ranar da na ga dama, ba ranar da aka yi mini izini ba.

Abin da na koya shi ne, mai talla ba shi da aƙida sai ta ciniki. A inda bakan gizo ke kawo kuɗi zai zana bakan gizo, a inda hijabi ke kawowa zai ɗinka hijabi, kuma duka biyun zai kira su mutunta jama'a. Ladabin bakin da suke taƙama da shi yana da iyaka, kuma iyakar tana daidai inda masu sayen kayansu suka ƙare. Na kuma koyi cewa mai zagi da sunan addini da mai talla da sunan 'yanci suna iya cin abinci a kan mutum ɗaya, kowa ya wanke hannu ya tafi.

Don haka ina jan kunnen 'yan'uwa, musamman matasa masu son a ɗauke su hoto. Duk wanda ya nuna maka na'ura, ka tambaye shi inda hoton zai je da abin da za a rubuta a ƙarƙashinsa, kuma kada ka sa hannu a kan abin da ba ka karanta ba, ko da murmushin mai miƙo maka ya kai na amarya. In abokinka ya ce ba ya so, ka ƙyale shi. Ku kuma masu tura duk abin da ya faɗo wayarku, ku sani yatsan da ke dannawa shi ma za a tambaye shi. Wanda duk aka zo masa da irin cinikin da aka zo mini da shi, a ce ya wanke kansa da sunan wani, ya ƙi, ko da zai kwana da yunwa. Yunwa na yi ta, ta wuce. Da na ba da sunan mutum aka kashe shi, da har yau ina ɗauke da gawarsa.